Aljihun Ciki na Rigar Baba

Tsakiyar damina ce, watan Agusta, a shekarar da citta ta ruɓe a ƙasa. Duk wanda ya kira ka daga gida, kafin ya gama gaisuwa sai ya ce maka gona ta mutu. Mu kuma ba cittar kaɗai ba ce, Baba ya rasu tun kafin ruwan farko. Shekara ce da ko dariya mutum ya yi, sai ya ji kamar ya ɗauki abin da ba nasa ba.

Da yara suka samu dogon hutu, maigidana ya ce mu je Fadan Kagoma wurin Mama mu yi mako guda, kowa ya huta. Ni kuwa akwai abin da ya fi hutu da yake jana. A kwanakinsa na ƙarshe a asibiti, da bakinsa ya daina fitar da magana, Baba ya yi alama a ba shi biro da takarda. Ya yi rubutu, ya ninke, ya danƙa wa Mama. Mama ba ta karatu. Fasto ya ce zai karanta mata, ta ƙi. Ƙannena maza sun nema, ta hana. Ta ce maganar miji ce ga matarsa, ba wanda zai fara jin ta sai 'yarta ta fari, wato ni. A lokacin ina tsakiyar ajin yaƙi da jahilci na majami'armu, da ƙyar nake haɗa baƙi. Ta ce za ta jira. Wata biyar tana jira, ni kuma ina roƙon malamarmu ta riƙa yi mini rubutun hannu mai karkace irin na tsofaffi, don in saba.

Sana'ata wanki ne, gida uku nake yi wa a Kaduna. Yatsuna sun tsattsage har ruwan sabulu yakan sa ni hawaye. Saboda haka tun wajen haɗa kaya aka kafa mini doka. Maigidana ya ga na tura sabulu a gefen jaka, ya zare shi ya ɗora a saman firij.

"Maman yara, hutu aka ce. Wanda ya je hutu ba ya wanki."

Na ce masa yara uku, damina, ƙauye, kayan da za su ishe mu ba wanki sai an ɗauko mota guda. Babbar 'yata ta ce to a ɗauko. Haka muka cika jakunkuna biyu har bakinsu ya ƙi rufuwa, na yi alkawari a gaban kowa ba zan taɓa bokiti ba.

Mun tashi da asuba daga Sabon Tasha, ana yayyafi. Kuɗin mota ya yi tashin da har wata tsohuwa ta tambayi direba ko da abinci ake bayarwa a ciki. A Kasuwan Magani rumfuna duk a jiƙe, sai 'yan mata masu gasasshiyar masara suna bin mota da leda a ka. Masarar ƙanana ce, amma da zafinta. Daga nan zuwa Kachia motar ta yi tsit, domin hanyar daji ce, kowa addu'arsa yake yi a zuci. Shingen sojoji muka yi ta wucewa, ban ƙirga ba. A wani rami mota ta yi tsalle, 'yar autata ta juye kunu a rigarta tun daga wuya har gwiwa. Hannuna ya kai kan rigar da kansa. Maigidana ya juyo daga gaba ya ce, "Kada ma ki kalle ta."

A Samaru Kataf muka tsaya muka ci shinkafa da wake a wata rumfa. Mai abincin ta ji yarenmu, ta tambayi garinmu, ta ce, "Ayya, ku ma cittarku ya tafi?" Ta ƙara wa yara miya ba mu roƙa ba. Dutsen Kagoro ranar ba mu gan shi ba, hadari ya rufe shi ruf, yara suka ce ƙarya nake yi akwai dutse a wurin. A Kafanchan muka sauya ƙaramar mota kusa da tsohon layin dogo, inda ciyawa ta fi tsayin yaro. Daga nan gonakin citta suka fara. Ganyen da ya kamata ya yi kore shar ya koma ruwan ɗorawa ya kwanta, kuma akwai wani wari da yake shigowa ta taga, kamar na doyar da ta kwana a ruwa.

Mama ta rame. Ta fito tarbarmu da tsohuwar rigar Baba a kan zanenta, doguwar nan mai ruwan toka da yake sawa in ana sanyi. Ta kai mata har ƙwauri. Wuyanta ya yi baƙi, gabanta duk miya da toka. Na rungume ta, idona a kan wuyan rigar.

Da yamma bayan mun ci faten acca, na matsa kusa na ce, "Mama, takardar fa? Yanzu na iya."

Ta kalli murhu. "Laraba, ki bari sai Lahadi. In mun dawo sujada, zuciya ya kwanta, sai ki karanta mini." Na gane tsoro take ji, ban matsa ba. Ban kuma tambaye ta inda ta ajiye ba. A raina tana cikin Littafi Mai Tsarki na Baba ko a ƙasan akwati, inda kowa yake ajiye irin wannan.

Kwana uku ruwa bai ɗauke ba. Yara suna fita tsakar gida su dawo ja wur da laka. Jakar kayan datti ta fi ta masu tsabta cika, ɗakin ya fara warin danshi. Ni kuma ban san yadda ake hutu ba. In na zauna sai hannuwana su rasa wurin zama. Na tsince wake, na share ɗakin Baba, na sake sharewa. Abin da ya fi damuna shi ne kayan Mama. Tun rasuwar ba ta yi wankin kirki ba, zannuwa a rataye a ƙusa, ɗankwalin Zumuntar Mata ta majami'a a ƙasan gado. Matar da a da ko tsumman tukunya sai ta shanya shi fes.

Ranar Asabar rana ta fito, ta farko tun zuwanmu. Maigidana ya kwashi yara zuwa Kafanchan su ga gari. Yana fita ya nuna ni da yatsa yana dariya, "Na ƙirga bokitan gidan nan." Mama ta tafi koyon waƙa na Zumunta, kuma saboda zafi ta cire rigar Baba ta rataye a bayan ƙofa. Na zauna ni kaɗai, rana tana dukan igiyar shanya babu komai a kanta. Na ce a raina alkawarin da na yi a kan kayanmu ne, ba a kan na uwata ba. Gobe Lahadi, ranar takarda. Ina so ta ji maganar mijinta cikin kaya masu tsabta. Na ari sabulu a maƙwabta, na kwashi komai zuwa bakin rijiya.

'Yan uwa, shekara goma da ɗoriya ina wanki, ban taɓa jiƙa riga ban laluba aljihu ba. Na laluba na dama, na sami ɓawon gyaɗa. Na laluba na hagu, babu komai. Na manta da cewa Baba ya sa tela ya ɗinka masa wani aljihu daga ciki, wajen ƙirji, tun lokacin da yake zuwa sayar da citta. Ni da kaina na sha ganin yana tura hannu a wurin. Na jiƙa rigar, na bar ta ta sha sabulu saboda wuyan. Na cuɗa, na buga a dutse, na ɗauraye sau uku. Sai wajen matsewa na ji wani ɗan dunƙule a ƙarƙashin yatsana.

Ban yi ihu ba. Na zauna a kan dutsen, na juya aljihun a hankali. Takardar ta zama kamar tuwon da ya kwana, fari da shuɗi a cakuɗe. Na ɗauko faifai na zuba ta a kai, na kai rana, na samo tsinken tsintsiya ina ɓamɓarewa. Duk inda na taɓa sai ya narke. Can a tsakiyar ninkin ne kawai wani ɗan yanki ya tsira, bai fi faɗin yatsa biyu ba.

Su maigidana suka riga Mama dawowa. Ya ga igiya cike da shanya ya buɗe baki zai yi tsiya, sai ya ga faifan. Ya tura yara ɗaki, ya tsuguna kusa da ni.

"Ba ta san abin da ke ciki ba," ya ce da ƙaramar murya. "Ki ce kin karanta kafin ki wanke. Ki ce ya gode mata, ya ce ta yafe masa, su haɗu a sama. Ai shi ne abin da kowa zai rubuta."

Gaskiya na so. Har na fara jera kalmomin a raina, sun kuwa yi daɗi. Amma na tuna malamarmu in muka ga kalma mai wuya muka cinka, takan buga allo ta ce, abin da ke rubuce za ki karanta, ba abin da kike so ba. Wata biyar Mama ta hana fasto, ta hana kowa, don tana son muryar Baba, ba ta wani ba.

Ta shigo tana 'yar waƙarta a hanci. Ta ga rigar a igiya, ta tsaya. Hannunta ya kai ƙirjinta, daidai wurin aljihun. Na durƙusa na miƙa mata faifan, na gaya mata yadda aka yi, ban rage ba.

"Duka?" ta ce.

"Saura wannan."

"Me ya ce?"

Na kawo yankin kusa da ido. Rubutun yana rawa, amma biron ya kama. Na haɗa baƙin ɗaya ɗaya kamar a aji. "Saratu," na ce.

Sunanta ne. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin Baba ya kira ta da shi ba. Maman Laraba yake cewa, ko a gida ko a majami'a, haka mazan zamaninsu suke, kiran mace da sunanta bayan ta haihu raini ne. Ko ni sai a katin asibiti na fara sanin sunan.

"Sai me?" ta ce.

"Shi ke nan, Mama. Sauran ya tafi."

Ta karɓi yankin a tafin hannu ta shiga ɗaki. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Lahadi muka je sujada, ta zauna a layin Zumunta da ɗankwalinta fes, ba ta buɗe baki a waƙa ko ɗaya ba. Da muka dawo, lokacin da aka sa don karatu, kowa ya rasa inda zai kalla. Rigar ta bushe, na ninke na ajiye mata a gado, ba ta ƙara sawa ba. Kwana biyun da suka rage, in na gaishe ta takan amsa, iyaka ke nan. Babbar 'yata kaɗai take kira ɗaki su rufe ƙofa.

Ranar komawa ta ɗaure mana acca da gyaɗa, ta yi wa yara addu'a ɗaya ɗaya. Ni ta ce mini, "Ku sauka lafiya," tana kallon tayar mota. Hanya ita ce dai, Kafanchan, Samaru, Kachia. Wannan karon dutsen Kagoro ya fito, yara suka yi ta nunawa, ni ban ɗaga kai ba. Mun iso Sabon Tasha da la'asar, sabulun yana nan a saman firij inda aka bar shi.

Masu tambaya ko a yi wanki in an je hutu ko a tara a dawo da shi gida, ni ba ni da bakin ba da shawara. Abin da na gano kawai, na je gidan uwata na ga datti, ban tsaya na tambayi abin da take ajiye a cikinsa ba. Da na zauna kusa da ita hannu sake kamar yadda aka ce mini, da yanzu na san abin da Baba ya ce.

Washegari da safe na fitar da jakunkunan tsakar gida, na zauna ina juya aljihu ɗaya ɗaya, ciki da waje. A siket ɗin babbar 'yata na ji takarda. Ta leƙo ta ce, "Au, na manta. Kaka ta ce in ba ki, wai ki duba mata ko ta rubuta daidai." Fallen littafin makaranta ne. An rubuta Saratu da fensir sau bakwai, manya manya, an danna har takardar ta huje. Baƙin farko ya juya baya a dukansu. Na goge hannuna a zane, na sa takardar cikin Littafina Mai Tsarki, na ɗauki waya na kira. Ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka.

"Mama," na ce, "na karanta. Saratu."