Rijiyoyin da Na Haƙa a Kan Kwali

Ranar Asabar ɗin farko ta dogon hutu, shekarar da na gama aji huɗu, na shimfiɗa tabarma a zauren gidanmu da ke Ƙofar Dumi, na ɗora kwalin taliya a tsakiya ina ta hura hanci. A jikin kwalin na zana hanyar da muke bi zuwa gonar kakanmu a Zungur, gida-gida, na aro dayis ɗin ludo, na tara murafun kwalba su zama 'ya'yan wasa. Ba don nishaɗi na yi wannan wahala ba. Tun da maƙwabtanmu suka sayo gem na talabijin, abokina Bala ya daina leƙo ni, ni kuwa na rantse sai na dawo da shi da wasan da babu irinsa a duk Bauchi.

Sai da na bi unguwa ƙofa-ƙofa ina gayya, har mahaifiyata ta dafa gyaɗa cike da faranti saboda baƙina. A ganina daɗin wasa shi ne wuya, don haka na cika hanyar da masifu. Nan kare ya kore ka baya, can babur ya lalace, ga rijiyoyi birjik, kuma dokata ita ce duk wanda ya faɗa rijiya ya fita ke nan.

Bala ne ya fara jefawa, kuma jifan farko ya kai shi rijiya. Ya yi dariya ya miƙo hannu zai sake, na dafe dayis na ce, "Doka ce." Ya zauna yana kallonmu yana ɓare gyaɗa ɗaya-ɗaya. Da ya gaji ya kaɗe wandonsa ya ce, "Bari in je in dawo." Sauran yaran ma rijiya ta ci su bi da bi, kowa ya faɗa sai ya nemi takalminsa. Can na fara jiyo ihunsu ta katanga, daga ɗakin mai talabijin. Mahaifiyata ta leƙo, ta dubi farantin da ko rabinsa ba a ci ba, ta juya ta koma ciki. Wallahi da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi, don kunya ta hana ni ko ɗaga kai.

Kakata Inna ce ta zo ta zauna, wai a koya mata. Ba a jima ba ita ma ta faɗa. Na ce ta fita, ta ce, "Ni? A gidan nan in mutum ya faɗa rijiya, igiya ake zura masa, ba a zagaye shi a wuce." Ta ɗauki birona ta zana igiya daga kowace rijiya, ta ce wanda ya faɗa ya jira zagaye ɗaya ya fito. Muka yi ta wasa har la'asar, ta wuce ni, na wuce ta, wasan ya yi daɗin da ban zata ba. Sai dai kunya ba ta bar ni na sake gayyatar Bala ba, kuma kafin hutu ya ƙare su Bala suka tashi suka koma Miri.

Yanzu ina kallon 'yata tana gem a wayata. In ta faɗi sai ya tashe ta nan take, ta sake gwadawa tana dariya, shi ya sa ba ta gajiya da shi. Duk sanda na gani sai in tuna hannun Bala a miƙe yana jiran dayis. Jifa ɗaya kawai ya nema.