Ranar da Ba Wanda Ya Zage Ni a Raga

Shekarar da jami'armu ta Manchester ta rage kuɗin wasanni, ni ne golan ƙungiyar ɗaliban Arewa. Ban iya ba, kawai na fi kowa tsawo ne. Ƙwallo ba ta shiga ragata sai na sha zagi, musamman daga kyaftin ɗinmu, wani Bazazzagi mai karatun injiniya da ke kirana kwando. An rufe ɗakin sauya kaya, don haka a bayan mota muke cire wando cikin sanyi. Wasa tara muka buga a kakar, muka ci ɗaya.

Duk wannan lokacin mahaifina na kwance a asibiti a Kano. Kullum da safe yayana yakan kira ya gaya mini yadda ya kwana. Ranar Asabar ɗin da za mu buga a Perry Barr, a Birmingham, bai kira ba. Na kira sau uku kafin mu bar Oxford Road, titin jami'armu. A na huɗu ya ɗauka, ya ce, “Jiki da sauƙi, je ka yi wasanka.” Ya kashe.

A wurinmu ba a gaya wa mutum rasuwa ta waya yana shi kaɗai a ƙasar wasu. Babba ake nema ya je ya zaunar da shi. Na san haka sarai, domin ni ma an taɓa sa ni na yi shiru a gaban wani.

Minti goma da farawa, ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafuna. Na sunkuyar da kai ina jiran kyaftin. Sai ya zo ya dafa kafaɗata.

“Ba komai, it's fine. Tashi.”

Aka ci ni ta biyu, aka ci ta uku, ba wanda ya ce uffan. Da na waiga, sai na hangi wani likita abokin mahaifina, mazaunin unguwar Balsall Heath a nan Birmingham, tsaye a bakin fili da babbar riga a ƙarƙashin kwat. Mutumin da ko a talabijin ba ya kallon ƙwallo. Nan na gane abin da ya kawo shi, na kuma gane kyaftin da sauran 'yan wasa sun riga ni sani.

Ban ji komai ba. Na so in ji, amma sanyin yatsuna kawai nake ji. Na tsaya a ragar har aka tashi, har ma na kama guda biyu.

A motarsa ya zaunar da ni, ya kunna hita, ya fara da nasiha a kan haƙuri. Na bar shi ya gama, tunda ya taso takanas. Sannan na tambaye shi yaushe za a yi jana'iza.

“Ai an kai shi, ɗana. Ana idar da azahar.”

Na cire awa ɗayan da ke tsakaninmu da Kano. Lokacin da ake zuba wa mahaifina ƙasa, ina can ina musu da alƙalin wasa a kan bugun kusurwa.