Awon da Sabulu Ya Wanke a Hanyar Takanamat

Tawa

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na fita gida zuwa tasha. Ƙanena Ilu ne ya kira daga Takanamat, wai ƴarsa Rabi mai shekara huɗu tana amai da gudawa, kuma sun hana ta ruwa don kada cikin ya ƙara tsinkewa. A lokacin cutar ta addabi ƙauyuka. Mota ba ta cika ba sai bakwai saura kwata. Na hau na sauka ya fi sau biyar, har direba ya ce, "Hajiya, hushi ba shi tada mota."

Muna barin gari rediyon motar ya kamo sanarwa: kada a hana mai gudawa ruwa, a haɗa masa na gishiri da sukari, a garzaya da shi likita; har awon haɗin aka faɗa. Na kira Ilu, babu rezo, waya ta ƙi shiga. Na ari bik na rubuta awon a tafin hannuna, ina harar wata tsohuwa da ke gefena, wadda surutunta ya kusa hana ni ji.

Shinge

Takwas da minti goma aka tsayar da mu. Ma'aikatan lafiya ne da bokiti da sabulu, kowa sai ya wanke hannu. Ni sarkin bin doka, na cuɗa har tsakanin yatsu. Sai da muka tashi na duba tafina, fes! Shida ɗin na sukari ne ko na gishiri? Rediyo kuwa ya koma shuuu. Hawaye suka zubo mini.

"Ɗiyata, mi ya same ki?" in ji tsohuwar. Na gaya mata.

"Ku ƴan lakwal masu boko, hannu kuka ba ajiya! Dafaffen ruwa litir guda, sukari ƙaramin cokali shidda, gishiri rabin cokali. Kullum da sahe nike jin shi ga rediyo."

Takanamat

Goma da kwata na shiga gidan. Idanun Rabi sun faɗa, leɓenta ya bushe. Uwarta ta riƙe mini hannu: "Yaya, in ta sha, hita shikai."

"Shi hita, mu ƙara mata," na ce.

Na haɗa ruwan yadda tsohuwar ta faɗa. Cokali-cokali na riƙa ba Rabi a kan amalanke har likita. Kwana biyu muka yi can, a na uku ta nemi koko.

Gida

Na iso Tawa da la'asar lafiya, alhamdulillahi. Na gode wa direba da ma'aikatan likita. Wadda ta fi cancantar godiyar ta sauka a wata mararraba da kwandonta, ko sunanta ban tambaya ba.