Malam Issouf da Kofin Bahago

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, Allah ya karɓi ran Malam Issouf, ma'aikacin binciken alamomi na 'yan sanda a nan Agadez, bayan jinyar da bai bari kowa ya san tsananinta ba. Ni Tabawa ce, mai tuwon bakin kasuwa, kuma na fi masu kukan nan haƙƙin yin magana.

Malam, yau zauren gidanka ya cika da mutanen da suka raɗa maka suna "mai duba leɓe". Ina jin su ta katanga, wannan ya ce kai masani ne, wancan ya ce garin ya yi rashi. Su ne dai waɗanda, lokacin da kake roƙon jama'a su danna leɓensu a gilashi don ka nazarci zanensa, suka ce neman mata kake da sunan ilimi. Ba su da kunya, kuma ban taɓa zaton za su samo ta a makoki ba.

Bari in tuna musu. Shekarar da aka tsinci gawar Bahago maƙerin azurfa a shagonsa, an tarar da kofunan shayi biyu a gefen gawayi. A bakin ɗaya akwai shatin leɓe, shuɗi da shuni. Nan take garin ya yanke hukunci: mata ke shafa shuni a leɓe, saboda haka mace ce. Wace mace ke shiga shagon? Bazawarar da ke kai masa tuwo. Kafin la'asar ina komisariya a hannun 'yan sanda, masu cin tuwona bashi suna leƙe ta taga.

Ka shigo ka gaishe ni, ka ce, "Baiwar Allah, kin ci abinci?" Kai kaɗai ka tambaya. Ka ɗauki shatin leɓena, ka ajiye kusa da na kofin, ka daɗe kana dubawa. Wani babba ya matsa maka ka ce na mace ne a rufe magana. Ka ce masa, "Ranka ya daɗe, zanen nan ya fi karkata ga namiji, amma alama ce, ba hujja ba, ba na rantsuwa a kai. Abin da zan rantse shi ne ba leɓen matar nan ba ne." Sannan ka nuna masa abin da kowa ke gani kullum: namijin da ya rufe baki da rawanin turkuɗi, in ya sauke don ya kurɓi shayi, leɓensa shuɗi ne. Maza masu shuni a baki sun zauna suna neman mace!

Da ba don kai ba, da a gidan kaso zan tsufa. An sake ni, amma ba a kama kowa ba, kuma har yau akwai masu jan 'ya'yansu in na wuce. Kai kuwa sai ka riƙa zuwa rumfata da tsakar rana, ka zauna inda kowa zai gan ka, ka ci tuwona. Ka yi haka har ciwo ya kwantar da kai.

Jiya na taya matarka Ramata wanke kofunan masu gaisuwa. Na ɗaga ɗaya a haske, ga shatin leɓe raɗau. Ban iya karanta shi kamar kai ba, amma na san bakunan da suka sha, na kuma san abin da suka faɗa a kaina da kuma a kanka. Na wanke shi da toka har sau nawa, ban ji ya fita ba.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya haskaka kabarinka, ya wanke ka kamar yadda ka wanke ni a gaban mutane. Ramata, Allah ya ba ki haƙuri, ya raya Lukumanu da ƙannensa a kan gaskiyar mahaifinsu. Amin.