Gwiwar Baba da Amsar "Da Sauƙi"

Shekarun baya, lokacin da nake karanta labarai a wani gidan rediyo a Kano, an yi wa mahaifina aikin gwiwa karo na biyu. Manomi ne a wani ƙauye tsakanin Bici da Watari, irin ƙauyukan da gona ke manne da gona har ba ka sanin inda gari ya ƙare wani ya fara. Gwiwarsa ta dama ta daɗe da cinyewa. A aikin farko an sa masa ta ƙarfe da roba, ta yi shekara huɗu, sannan ta soma girgiɗi. Likita ya ce jijiyoyin da ke riƙe gwiwar ta gefe sun saki, don haka wadda za a sa yanzu sai mai riƙe kanta. Ƙarfen sama da na ƙasa a haɗe suke da hinji irin na ƙofa, kowanne da doguwar sanda da ake cusawa cikin ƙashi.

Likitan ɗan kudu ne, Hausarsa ba ta wuce ta cefane ba, saboda haka ni na zama tafinta. Na ji daɗin wannan matsayi, ba zan ɓoye ba. A wurin aiki ni ne mai tsayar da sabon ma'aikaci in nuna masa cewa "ana zargin" daban, "an tabbatar" daban. Ranar da aka sallame mu na juya wa Baba bayanin likita ban rage komai ba. Wannan ita ce gwiwa ta ƙarshe da ƙashinsa zai iya ɗauka. Duk shekara a zo a ɗauki hoto. In aka ji ta yi zafi, ko ta kumbura, ko ciwo ya hana shi barci, kada a jira shekara. Likitan ya ba ni lambar wayarsa.

Gwiwar ta yi masa shekara shida lafiya. Ba ya iya tsugunawa, salla ma a kan kujera yake yi, amma yana zuwa gona da ƙafarsa, yana bin bayan masu huɗa yana gyara musu. In ya miƙe sai ka ji ta yi ƙas. Amininsa, wani tsoho da suke zama tare a gindin dalbejiya bayan la'asar, ba ya barin wannan ta wuce.

"Malam, a ɗiga wa ƙofar nan mai mana, ta hana mu jin hira."

"Taka da aka haife ka da ita ma kuka take yi," in ji Baba. "Tawa dai an san maƙerinta."

Duk Juma'a nakan kira shi. In na ce, "Baba, yaya ƙafa?" sai ya ce, "Tana nan tana yi mini kiɗa," ko ya ce ta riga shi zuwa gona.

Sai shekarun wahala suka shigo. Damina biyu a jere ruwa ya ɗauke gero yana cikin ciki, taki ya gagari mutane, shiga mota zuwa birni ta zama abin da ake zama a yi shawara a kai. Da lokacin hoto ya yi, Baba ya ce a bar shi sai baɗi. Na yi wa likita magana. Bai so ba, amma ya ce in dai babu ciwo babu kumburi za a iya ɗagawa, da sharaɗin in riƙa sanar da shi halin da ake ciki. Na ce wannan mai sauƙi ne, ai ba da rahoto sana'ata ce.

A cikin wannan shekarar amsar Baba ta canza, ni kuwa ban lura ba. In na ce yaya ƙafa, sai ya ce, "Alhamdulillahi, da sauƙi." Ni kuma in ɗauki waya in rubuta wa likita da Turanci cewa Baba ya ce yana samun sauƙi. Kalma da kalma na fassara, babu ƙari babu ragi. Baɗi ta zo, aka sake ɗagawa. Na sake rubuta masa haka.

Babu Bahaushen da bai san mece ce "da sauƙi" ba. Je ka duba wanda ya kwana uku bai sa komai a bakinsa ba, ka ce masa yaya jiki, ita zai ba ka. Ni kaina na faɗe ta ina rawar ɗari. Godiya ce ga Allah da kuma ga wanda ya tambaya, ba bayanin jiki ba ne. Na san haka tun kafin in san ƙofar makaranta. Amma na ɗauke ta na miƙa wa mutumin da bai san haka ba, shi kuma ya rubuta ta a fayil.

Da kaka, lokacin cirar gyaɗa, na je gida ba tare da na sanar ba. Na tarar da kowa yana gona ban da Baba. Yana kwance a zaure, ga sanda a gefensa, alhali rabonsa da sanda tun watannin farko bayan aiki. A tsakar gida mahaifiyata tana tafasa tsummoki a tukunya. Tana ganina ta janyo faifai ta rufe.

Na koma zaure na ce, "Baba, zan ga ƙafar."

"Ka sha ruwa tukuna."

Ban sha ba. Na naɗe masa wando. Gwiwar ta kumbura tana sheƙi, in ka taɓa kamar tukunyar da aka sauke yanzu. A ƙasan tabon aikin akwai wata 'yar ƙofa da ba ta kai ƙwayar wake ba, ruwa yana tsattsafowa daga cikinta.

"Inna, tun yaushe?"

Tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, "Ciwon tun shukar bara. Ruwan kuma da azumi ya fara. Ya ce kada a ɗaga maka hankali, kai ma da naka nauyin."

Na juya wurinsa. Muryata ta ɗaga fiye da yadda ya kamata ɗa ya yi wa ubansa magana. Na ce, "Baba, duk Juma'a ina tambayarka."

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Kana gaishe ni, ina amsawa. Ba ka taɓa ce mini tana ciwo ko ba ta ciwo ba. Da ka tambaya, ai ba zan yi maka ƙarya ba."

Washegari muka kai shi asibiti. Hoton ya nuna ƙashin da ke kewaye da sandunan nan biyu ya zaizaye, ƙarfen yana iyo a ciki. Ƙwayar cuta ta daɗe da samun wurin zama a jikin ƙarfen, inda magani ba ya isa sosai. Likita ya duba hoton ya daɗe, sannan ya dubi Baba ya ce da Hausarsa, "Baba, kai ka ce da sauƙi." Bai dube ni ba, kuma da ya dube ni da ya fi mini.

An shiga da shi ɗakin tiyata an wanke wurin, aka yi makonni ana ba shi magani ta jijiya. Zazzaɓi ya sauka, ya dawo. Wata safiya likita ya kira mu ya ce babu sauran ƙashin da zai riƙe gwiwa ta uku, kuma in aka ƙara jira cutar za ta shiga jini. Sai an cire ƙafar daga cinya.

Baba yana kallon bakina. A karo na farko a rayuwata na nemi hanyar kewaye magana. Na ce, "Ya ce akwai wani ɗan aiki da za a sake yi, in Allah ya yarda..."

Ya ɗaga hannu. "Mutumin nan ya yi magana mai tsawo, kai ka kawo gajeriya. Faɗa mini yadda ya faɗa. Ba aikinka ke nan ba?"

Na faɗa masa. Ya karanta abin da ake karantawa in musiba ta sauka, sannan ya ce a aika gida kada a bar gyaɗar a ƙasa.

Bayan aikin aka ba mu ƙafar a naɗe, domin a wurinmu ba a barin sashen jikin mutum a asibiti, binne shi ake yi. Ni da ƙanin mahaifina muka kai ta ƙauye. Ta fi yadda na zata nauyi, saboda ƙarfen yana ciki. Baffan nawa ya tambayi liman ko sai an cire shi. Liman ya ce a bar shi, shekarun da ƙarfen ya yi yana kai Baba masallaci sun isa. Muka sa ta a farin ƙyalle, muka haƙa ɗan rami a gefen maƙabarta ta gabas, muka rufe.

Da na koma, abin da Baba ya fara tambaya shi ne inda muka sa ta. Na kwatanta masa. Ya ce, "To, ta riga ni. In lokaci ya yi ku sa ni kusa da ita."

Bai taɓa ɗora mini laifi ba, ko sau ɗaya. Likita ma ya ce irin wannan gwiwar takan kai ga haka ko da an zo da wuri. Na ji shi, na kuma lura cewa "takan kai" ya ce, bai ce "da ta kai" ba. Tun daga lokacin, in na je duba mara lafiya nakan yi gaisuwar in karɓi amsarta, sannan in ja kujera in ce: ina ne ke ciwo, tun yaushe, jiya ka yi barci? Wasu suna ganin na cika bin ƙwaƙƙwafi. Ba na musu.

Baba ya yi shekara uku bayan haka, a kan keken guragu, yana aika umarni gona daga zaure. Kafin ya rasu tsohuwar maƙabartar ta cika, gonaki sun kewaye ta ta ko'ina, babu inda za a ƙara ko taku ɗaya. Mai gari ya yanki sabon fili a ƙetaren rafi, can muka kai shi. Na roƙa a duba mini gefen gabas ko za a samu wuri, aka duba, babu.

Yanzu in na je gida ziyara, wuri biyu nake tsayawa. Tsakaninsu tafiyar minti ashirin ce ga mai ƙafa biyu.