Teta Dobrila da Littattafanmu Goma Sha Bakwai

Ƙarfe bakwai saura kwata Teta Dobrila take saukowa daga bas, jaka a dama, lema a hagu, ko da sama tas take. Ta buɗe ofishin ɗalibai na tsangayarmu ta aikin gona, ta fere fensir biyu, ta ɗora ruwan kofi, ta hau jera fayil. Tagarta, ta uku daga ƙofa, ba ta buɗuwa sai goma daidai, ko mutum zai suma a layi. Shekara talatin da huɗu ke nan ana haka, kuma ranar Juma'ar nan za ta ajiye aiki. Teta muke ce mata kamar ƙanwar uwar kowa, amma kada a yi ƙarya, ba don ƙauna muka fara ba. Don tsoro ne.

Duk wanda ya yi karatu a nan ya san ba a yarda da taga. Taga ita ce inda ake ce maka saura takarda ɗaya, ka kawo, a ce ai ba wannan ba. To ana cikin haka bara gwamnati ta fito da sabon tsari, wai kowane ɗalibi sai an zauna da shi an rubuta masa jadawalin gama karatu a kan lokaci, jarrabawa kaza a wata kaza, a sa hannu. Mu kuma 'yan tsohuwar manhaja aka ba mu zuwa ƙarshen Satumba. Wanda bai gama ba a juye shi cikin sabuwa, da ƙarin darussa biyar, ya kuma tattara ya bar ɗakin kwanan ɗalibai.

Slavko, dattijon ajinmu, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana aji huɗu, shi ya fassara mana dokar a shagon burek, wainar naman nan da muke karyawa da ita, bakinsa cike.

“Taimako? Daga gwamnati? Budimir, ka fara shan giyar da kakanka yake dafawa ne? Sunaye ake tattarawa, mutumina. Kana sa hannu ka rubuta takardar korarka da kanka.”

Na ce, “To ya za a yi?”

“Yadda iyayenmu suka yi. Ƙullin kofi, kwalin cakulan, ta buga hatimi ba ta karanta ba, kowa ya kama gabansa.”

A sauran tagogi haka aka yi ta yi, wasu ma ko kofin ba sa jira. Ni da sunan gidanmu Rakita, harafina ya faɗa taga ta uku. Na je ranar wata Talata a ƙarshen Fabrairu, na tura leda a hankali ta ƙarƙashin gilashi, na bi ta da murmushin da nake yi wa kwandastan bas idan ba ni da tikiti.

“Teta, wannan daga mama.”

Ta turo ledar waje da gindin fensir. “Ka gaida mama. Zagayo ka zauna.”

Na zagaya na zauna. Ma'aikacin da ya karɓi kofi, kun san farashinsa, kun huta. Wanda ya ƙi karɓa fa, me yake nema?

Ta karɓi ɗan littafina na jarrabawa, wanda malamai suke rubuta maki su sa hannu, wanda in ya ɓata ka ɓata. Ba ta fara daga shafin farko ba. Ta ja layi a ƙasan takarda ta rubuta talatin ga Satumba, sannan ta riƙa hawa sama tana dawowa baya, wata bayan wata. Daga baya na ji kowa haka take masa, daga ƙarshe take farawa.

“Saura huɗu, Teta. Biyu a Yuni, biyu a Satumba. Kin ga ni mai tsari ne.”

“Biyar.”

“Huɗu.”

“Auren itatuwa fa, na gona?”

Na yi dariya. “Haba Teta, wannan ai ba jarrabawa ba ce, yawon shan iska ne. Kowa ƙarshe yake barinsa. In yanka reshe, in ɗaure, in tafi. A Satumba zan haɗa da shi.”

Ta sauke tabarau ta dube ni. “Ɗana, shekara huɗu kana karatun gona. Sau ɗaya a shekara Farfesa Milutin yake fita da ɗalibai gona, a Maris, kafin tuffa ta farka. Itace ba ya karanta takardar gwamnati. Kuma an rufe rubuta suna tun makon jiya.”

Kun gane ko? Jarrabawa huɗu in cinye su duka da maki goma goma, ba abin da zai hana a juye ni. Maris na gaba ya wuce Satumba da wata shida. Ina zaune ina lissafin yadda zan shiga ƙauyenmu da katifa a ka, babana yana tsaye a ƙofa, sai na ga ta ja aljihun tebur, ta jefa littafina ciki, ta murza makulli.

“Teta, littafina!”

“Yana nan lafiya. Tashi, akwai mutane.”

Da na faɗa wa Slavko, sai ya cire hula ya riƙe a ƙirji. “Allah ya jiƙan Budimir, yaro ne mai surutu. Ban ce maka ba? Nawa littafin dai yana cikin safa, sai an yanke ƙafar.”

Kafin Juma'a mun zama mu goma sha bakwai da aka ƙwace wa littafi, duk a kan auren itatuwa. Zance ya cika makaranta. Wasu suka ce shugaban tsangaya ya yi mata alkawarin ƙarin girma a kan kowane kai. Wasu suka ce ɗakunanmu ake so a ba 'ya'yan manya. Ni da bakina na ƙara gishiri a biyu daga ciki, ba zan ɓoye ba.

Abin da ya faru a bene na biyu, Stanka ce ta gani, 'yar ajinmu da take taya sakataren Farfesa buga takardu. Ta ce Teta ta hau matakala da gwiwar nan tata mai ciwo, littattafai goma sha bakwai ɗaure da roba, ta zube su a teburin Farfesa Milutin.

Ya ce, “Dobrila, an rufe.”

Ta ce, “Na sani, ni na rufe.”

“To me kike so? Rassan da za a yi auren da su tun Janairu aka yanko, aka binne a yashi mai sanyi, daidai yawan waɗanda suka rubuta suna. In yanko yanzu ba za su kama ba. In haifo su?”

“Idan rassa suka samu fa?”

“In suka samu, ki kawo 'yan iskan naki.”

Ranar Litinin aka ga Teta ta sauko daga bas ba lema, rungume da buhu mai ɗigar ruwa. Ashe ranar Asabar ta yi tafiyar awa uku zuwa ƙauyen yayanta, ta shiga ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa, ta kwashe rabin rassan tuffar da ya ajiye wa gonarsa. Yadda suka ƙare da shi ba mu sani ba. Stanka dai ta ji ta a waya tana cewa, “To kada ka gayyace ni bikin ɗanka, ko ba gayyata zan zo.”

Kuna zaton mun gode? Slavko ya buga tebur. “Yanzu na gano! Lebura kyauta! Ku goma sha bakwai ku yi wa yayanta auren itatuwa, a loda dashen a mota a kai masa. Kai, matar nan ta iya!”

Wallahi na yarda da shi. Ranar jarrabawa, muna tsugune cikin taɓo, sanyi yana cin kunne, ido ɗaya a kan wuƙa ɗaya a kan hanya, ina jiran motar yayan. Shi ya sa na yanki babban yatsana maimakon reshe. Farfesa ya duba ɗaurina, ya duba jinin, ya ce, “Shida cikin goma, ka tsallake da ƙyar. Ka gode wa itacen, shi ya yi haƙuri.” Mota ba ta zo ba. Bayan wata ɗaya na koma na ƙirga da kaina, dashen duk suna nan a gonar makaranta, har nawa mai karkata ya fitar da ganye.

Ke ce, Teta, kika karanta takardar da wanda ya rubuto ta ma ba na jin ya karanta. Aka ba ki hatimi, kika ɗauki fensir. Ke ce kika san wane malami yake tafiya hutu a Yuni, wace jarrabawa ce ba a shiga sai an ci wata, wa yake aikin gidan mai da safe ba zai iya ta ƙarfe takwas ba. Kika ƙwace mana littattafai don kin san in kin bar su a hannunmu, za mu je mu zauna a shagon burek mu yi ta zagin gwamnati har Maris ya wuce. Muka yi ta zarginki, kina ji ta cikin gilashi, ba ki taɓa fitowa kin wanke kanki ba.

Slavko ya ɓoye littafinsa har lokaci ya ƙure. Sau uku ta aika a kira shi, yana cewa tarko ne. An juye shi, darussa biyar sun hau kansa, ya bar ɗaki, yanzu a falon yayarsa yake kwana. Ba dariya nake ba a nan, don tsakanina da shi ba komai sai taga ta uku da ni na shiga shi ya ƙi.

Mu goma sha bakwai kuwa, sha biyar mun gama. Biyu sun faɗi a Satumba, kuma da idona na ga sababbin jadawalinsu a teburinta, da fensir, ta riga ta rubuta wa wanda zai gaje ta bayani a gefe.

Mun gode, Teta Dobrila. Allah ya ba gwiwar nan lafiya, ya sa yayanki ya huce. Ku kuma na sauran tagogi, da duk wanda za a ɗora a kujerarta, ga roƙo: kafin ku buga hatimi, ku zaunar da mutum, ku buɗe littafinsa, ku tambaye shi abin da ya bari a ƙarshe. Minti goma ne. Ku ma ƙanne, in an ce ku zagayo ku zauna, ku zauna, zargin ku yi shi daga baya kamar yadda muka yi.

Ranar ashirin da takwas ga Satumba na je karɓar shaidar gamawa. Tun a bas nake haddace jawabin godiya, har da wurin da zan yi shiru in dafa ƙirji. Na buɗe baki na ce, “Teta, ni dai ban san da wane...”

Ta turo takardar ta ƙarƙashin gilashi. “Sa hannu nan, da nan. Matsa, ɗana, ka tare wa yarinya layi.”