Haggai Ya Tafi Ribah

Haggai mai gyaran injin niƙa ya rasu a gidansa da ke Zuru ranar Laraba, tara ga watan Agusta, 2006, yana da shekara arba'in da tara. Ya bar matarsa Monica da 'ya'ya uku. Ranar Juma'a aka yi jana'izarsa. Coci ya cika har waje, masu injin niƙa na unguwa suka kashe injinansu wuni guda, mutanen Sakaba suka zo a kan babura duk da taɓon hanya. Mutum ɗaya ce ba ta ji labari ba, ita ce babbar 'yarsa Gladys, wadda take Sakkwato tana rubuta jarrabawar ƙarshe ta jami'a. Sai bayan kwana goma sha tara ta sani. A cikin kwanakin nan sau biyar tana magana da uwarta ta waya. Abin da ya tsaya mata a rai ke nan, ko za ta iya ƙara yarda da maganar da ta fito daga bakin Monica.

A Manga aka haifi Haggai, gidan manoma a gindin dutse. Yaro ne mai kai, malamansa sun sa ran zai wuce sakandare. Ana saura kwana biyu jarrabawar shiga, kawunsa ya zo a kan keke ya ɗauke shi daga aji, wai babansa ya rasu, ya zo a binne ya koma. Bai koma ba. Kafin a gama zaman makoki jarrabawa ta wuce, ga gona ba mai nomewa, ga ƙanne. Yakan ba 'ya'yansa labarin yana dariya, har yana kwaikwayon yadda keken kawun yake ƙara, shi ya sa suka tashi suna zaton abin bai dame shi ba.

Da ya isa neman aure ya shiga golmo, wato noman da saurayi yake yi wa surukinsa tare da abokansa kafin a ba shi mata. Damina bakwai ya yi a gonar baban Monica, kafaɗa da kafaɗa da amininsa Ezekiel. Har suka manyanta Monica ba ta daina tsokanarsa da wannan ba.

"Babana ya ce bai taɓa ganin mai barin ciyawa a baya irinka ba."

"Da gangan ne," in ji shi. "In na nome duka, da wane dalili zan dawo gobe?"

A can ya koyi sana'arsa. Injin niƙan garin ya lalace, aka ɗauko makaniki daga Kontagora, Haggai ya tsaya yana miƙa masa sifana. Wuni uku ya yi a tsaye. Da injin ya sake lalacewa shi ya kwance shi, ya mayar, ya tashi. Bayan aure ya dawo Zuru da akwatin ƙarfe ɗaya da mata mai ciki.

Yadda yake aiki shi ne abin da mutane suka fi tunawa. In an kira shi ba ya fara taɓa komai. Sai ya ce kada a kashe inji, ya cire hula, ya karkata kai, ya tsaya kamar mai sauraron gulma ta bayan katanga. Can sai ya ce bel ne ya saki, ko dutse ya cinye, ko an zuba masa man da aka haɗa da kananzir, ya juya ya kalli mai injin har sai ya sunkuyar da kai. Daga Zuru har Ribah da Dirin Daji babu injin da bai san muryarsa ba.

Gladys yake ɗorawa a kan tankin babur in ba makaranta. Tana shekara tara ta iya gane sakin bel daga bakin titi. Shi kuwa sai ya dinga nuna ta ga mutane yana kiranta Injiniya, sunan da ya bi ta har jami'a, ko da yake ilimin tsirrai ta karanta.

Ba waliyyi ba ne. Mutum ne mai taurin kai, wanda in ya yanke magana ko fasto sai dai ya bi shi da addu'a. Shi ya sa wa duk 'ya'yan suna bai shawarci kowa ba. Bai yarda da asibiti ba, wai likita ba ya tsayawa ya saurara. Amma bai taɓa cin abinci Monica ba ta zauna ba, kuma in ya dawo daga ƙauye da kaza ko ɗan kwaryar zuma, sai ya ɓoye a bayansa ya sa ta canka, mace mai 'ya'ya uku.

Karatun Gladys na shekara huɗu ya koma shida saboda yajin aiki. Duk dawowar da ta yi gida da jaka, Haggai yakan rasa sukuni, ya yi ta kunna rediyo yana neman labarin ranar komawa. Da ta zo hutun Ista na shekarar nan ta ga ya ɗan rame, idonsa ya yi rawaya. Ya ce ciwon shawara ne, yana shan saiwa. Ya kai ta tasha da kansa.

Waya ɗaya ce a gidan, tasa. Gladys takan je wurin masu waya a ƙarƙashin laima, bakin ƙofar makaranta, ta kira ranar Lahadi bayan sujada, wani lokaci har da tsakiyar mako. Tun daga ƙarshen Yuli sai Monica take ɗauka.

"Mama, ba ni Baba."

"Ya tafi Ribah, ɗiyata. Inji uku suka lalace musu lokaci guda. Kin san can ba sabis."

"Da daminar nan? A hanyar nan?"

"Ke kin san babanki da babur. Ko kogi ne sai ya ce ya ga inda ba zurfi."

Suka yi dariya su biyu. Wani makon aka ce ya dawo ya sake fita. Wani makon aka ce ya manta wayar ne a gida. Ranar sha huɗu ga Agusta, kwana uku da binne shi, Ezekiel ya zo har ɗakin kwanan ɗalibai da ɗan buhun gyaɗa. Ya ƙi zama, ya ƙi shan ruwa, wai direba yana jiransa.

"Babanki ya ce ki riƙe biro da kyau, kada ki waiwaya."

"Yana lafiya dai, Baba Ezekiel?"

"Yana hannun Ubangiji, kamar mu duka."

Ta soya gyaɗar ta raba wa 'yan ɗakinsu, tana yi musu alfahari da ubanta.

Ranar Litinin, ashirin da takwas ga wata, ta sauka a Zuru da rana tsaka. Ba ta faɗa wa kowa tana tafe ba, tana so ta ba su mamaki. Ɗan acaɓa ya ajiye ta a bakin layinsu, daidai rumfar Tasalla mai injin niƙa, maƙwabciyarsu ta shekara ashirin. Tun kafin ta sauke jaka ta ji injin yana bugawa kamar ana dukan kwano da cokali. Ta yi mamaki. Injin da ke ƙofar gidan Haggai ba ya kwana da irin wannan ƙara. Ta leƙa, sai ta ga wani mutum da ba ta sani ba ya duƙa a kansa, a hannunsa kuwa sifanar babanta ce mai jan tsumma a ƙota.

"Inna Tasalla, wa ya ba shi kayan Baba?"

Tasalla ta dube ta, ta dubi jakar, ta kashe injin. Ta goge garin da ke hannunta a zane, ta daɗe tana gogewa.

"Ni na ce musu kada su sa ni a ciki. Na ce in yarinyar nan ta tambaye ni, ba zan iya ba. Zo ki zauna, Gladys."

Ba ta zauna ba. Ba ta kuma tuna yadda ta shiga gida.

Kwana uku ba ta yi wa uwarta magana ba. A wurin Tasalla take cin abinci. Matan zumunta na coci suka zo suka yi mata waƙa, ta zauna tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya, tana tunanin duk sun sani. Ƙannenta sun sani. Fasto ya sani. Ezekiel ya zo da hularsa a hannu, ta tashi ta shiga ɗaki.

Rana ta huɗu da safe ta tarar da Monica a tsakar gida tana tsintar wake a faifai. Ta tsaya a kanta.

"Wa ya kawo shawarar a ɓoye mini? Ke ko Baba Ezekiel?"

Monica ba ta ɗago ba. "Zauna, ba na son ana yi mini magana daga sama."

Gladys ta jawo kujera 'yar tsugunno.

"Hanta ce," in ji Monica. "A Yuli muka kai shi asibiti da ƙyar, mutum huɗu suka sa shi a mota. Kwana tara suka sallame mu, suka ce mu je gida mu yi ta addu'a. Ranar da muka dawo ya kira ni da Ezekiel, ya kama hannunmu, ya ce ko ya mutu kada wanda ya je ya ɗauko ki daga aji."

"Kika yarda."

"Na yi kuka, na roƙe shi. Ya juya fuska bango."

"Sau biyar, Mama. Sau biyar na kira bayan ya mutu. Har dariya kika yi mini."

"Na yi. Na ajiye wayar na zaga baya na yi amai. Kowane kira."

"Jarrabawa ana sakewa. Da na ƙara shekara ɗaya, me zai faru?"

"Tasa jarrabawar, an sake?"

Monica ta ture faifan gefe, ta nuna tabarmar da ke jingine a bakin ƙofar ɗaki.

"Tunda kina so ki ji, bari ki ji duka. Lahadin nan, shida ga wata, da na ce miki yana Ribah, nan yake kwance a kan tabarmar can. Na durƙusa na sa wayar tsakanin kunnena da nasa. Kina ta ba ni labarin malaminku da akuya ta cinye masa ganyen gwaji. Yana ji, yana murmushi."

"Yana ji?"

"Duk ya ji. Da kika ce in gaishe shi, na miƙa masa wayar. Wallahi na miƙa, na ce ko me zai faru ya faru. Ya ture hannuna. Da kika kashe ya ce, yarinyar nan kunnena gare ta, in na ce mata alo kawai, gobe tana tasha."

Gladys ta ji kamar an zare mata kujerar. Kwana uku tana tara fushi a kan uwarta, don ita ce a raye, ita za a iya yi wa tsawa. Ashe shi ne. Ya ji muryarta, ya ƙoshi, ya yi bankwana da ita shi kaɗai, ita kuwa tana tsaye a ƙarƙashin laima tana surutu a kan akuya.

"Bai tambaye ni ba," ta ce.

"Ni ya tambaye ni? Shekara ashirin da biyar, yaushe babanki ya taɓa tambayar wani?"

"Amma bayan ya mutu, wa zai hana ki? Ko jana'iza ce da na gani."

"Hannuna yana cikin nasa na yi alkawari. In na saɓa, na ci amanarsa. In na cika, na ci taki. Na duba na ga ke kina da sauran kwana da za ki yi fushi da ni."

"In ke ce ba lafiya gobe, haka za ki yi mini?"

Monica ta buɗe baki za ta ce a'a. Gladys tana kallonta, ta ga yadda amsar ta zo da sauri, a shirye, da muryar nan mai daɗi ta waya. Monica ma ta ji. Ta rufe bakin, ta jawo faifan ta ci gaba da tsinta.

Sakamako ya fito da kyau, fiye da yadda Gladys ta zata. Mutanen coci suka yi ta cewa Haggai ya yi hangen nesa, ta dinga amsawa da na gode. Ta je kabarin sau ɗaya tare da ƙannenta, ta tsaya, ta rasa abin da za ta ce masa wanda ba faɗa ba, ta dawo.

Da aka tura ta bautar ƙasa can kudu, ta sayi waya tata. Kullum da yamma takan kira gida. Monica ta ce lafiya lau, Gladys ta ce a ba ƙannenta, ɗaya bayan ɗaya, ta ji muryar kowa. In an ce wani ya fita, sai ta ƙara kira bayan rabin awa. In ta gama da su, sai ta kira wayar mijin Tasalla ta ce a ba Inna, ta tambaye ta ko ta ga Monica yau da idonta, ko ta fito shara, ko tana tari.

Tasalla ta gaji da ɓoyewa ta faɗa wa Monica. Monica ta ce ba komai, Tasalla ta ci gaba da ba Gladys amsa, kuma ta riƙa faɗa mata gaskiya. Tun daga ranar, kowace safiya takan fito da tsintsiya ta share ƙofar gida har bakin rumfar inji, ta tsaya ta gaishe da Tasalla sosai, yadda za a gan ta, kafin ta koma ciki.